Hoton tafsiri da sautin miksa sun ƙi haɗuwa, wace manhaja zan ɗauka?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ne nake ɗaukar tafsirin masallacin unguwarmu a Zariya duk azumi. Ina aiki da ƙaramar kyamarar hannu mai fitar da fayil ɗin MTS, ƙanina yana ɗauka da wayarsa daga gefe, mai kula da lasifika kuma yana naɗa mana sauti daga miksa a filasha. Idan na haɗa su, wani lokaci sauti ba ya fitowa kwata-kwata a waya alhali a kwamfuta ina jin sa. Wani lokaci kuma bakin malam da muryarsa ba sa tafiya tare, musamman idan karatu ya yi nisa. Na gwada manhajoji biyu, ɗaya a kwamfuta ɗaya a waya, aikin yana cin awanni, hoton kuma ya fito a dusashe. Wace manhaja ce za ta sauya min su ta haɗe su gaba ɗaya? Kwamfutata ba mai ƙarfi ba ce."

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba da ladan hidima, ɗan'uwa.

Ka nemi sunan manhaja guda, amma abin da ka bayyana matsaloli uku ne, kowace da tushenta. Akwai sautin da ke ɓacewa a waya. Akwai muryar da ke rabuwa da baki idan an yi nisa. Sannan ga awannin da kake kashewa kana jira, a ƙarshe hoto ya fito ba daɗin gani. Zan ba ka sunaye, amma in na fara da su, gobe za ka sauko da ɗaya ka danna irin maɓallin da ka saba dannawa, ka sake samun abin da ka saba samu. A irin aikinka sauti ne ke buƙatar sauyi, hoto kuwa galibi a bar shi yadda kyamara ta ɗauko shi. Manhajar da ta dace da kai ita ce wadda za ta yarda ta taɓa ɗaya ta ƙyale ɗaya, kuma yawancin waɗanda aka fi yayi ba sa yin haka.

Me ke cikin fayil ɗin?

Haruffan da kake gani a ƙarshen sunan fayil, MP4 ko MKV ko MOV ko MTS, sunan mazubi ne kawai. Kamar kular abinci ce mai hawa biyu, tuwo a ƙasa miya a sama. Ganin kular ba zai gaya maka wace miya ce a ciki ba, kuma kana iya juye abincin a wata kular ba tare da ka sake ɗora tukunya ba. Hoto yana hawa ɗaya, sauti yana ɗaya, kowanne an matse shi da nasa tsarin da ake kira kodek. A hoto wanda ya fi yawa shi ne H.264 da ya fito a 2003, sai ƙaninsa H.265, wato HEVC, na 2013. A sauti akwai AAC da MP3 da AC-3 na kamfanin Dolby, akwai Opus wanda saƙon muryar WhatsApp ke zuwa da shi, sai PCM, sautin da ba a matse ba, wanda ke cikin fayil ɗin WAV.

To duba kayanka. Kyamarar da ke fitar da MTS tana bin tsarin AVCHD ne, wanda Sony da Panasonic suka fito da shi a 2006. Hotonta H.264 ne, kusan kowace waya tana gane shi, amma sautinta mafi yawan lokaci AC-3 ne. Wayar ƙaninka tana ba da MP4 mai sautin AAC, hoton kuma H.264 ko HEVC. Miksa tana ba da MP3 ko WAV. Ka ga sauti iri uku ke nan kake son ɗaurawa wuri ɗaya.

Shirun da kake ji a waya daga AC-3 ɗin nan yake. Wayoyi da yawa ba sa karanta shi, hatta Windows 11 daga fitowar 24H2 ta daina zuwa da shi a sabon girki. A kwamfutarka kana ji ne, wataƙila domin da manhajar kunna bidiyo ta VLC kake kallo, ita kuwa VLC da nata kayan karatu take yawo, ba ta dogara da na na'ura ba. Shi ya sa nake gaya wa masu koyon aiki a wurina cewa VLC ba shaida ba ce. In fayil ya yi magana a cikinta, hakan bai nuna zai yi magana a wayar dattijon da ke zama a sahun farko ba.

Don haka manhaja ta farko da zan ce ka sauko da ita ba ta sauya komai, ba ta haɗa komai. Sunanta MediaInfo, kyauta ce, ƙarama ce. Ka jefa fayil a cikinta ta zayyana maka abin da ke ciki. Ka duba kodek ɗin hoto, da girmansa, da yawan firam (hotunan da ke jeruwa su zama bidiyo) a sakan, da layin da aka rubuta Frame rate mode, ko Constant ne (tsayayye) ko Variable (mai canzawa). A ɓangaren sauti ka duba kodek da kuma lambar nan 44.1 ko 48.0 kHz, wato sau dubu nawa ake auna sautin a sakan. Ka yi wa fayilolinka uku haka, ka rubuta a takarda gefe da gefe. Duk inda suka saɓa, nan matsala take kwance. Na sha ganin mutum ya kwana yana canja manhaja, alhali minti biyu a MediaInfo ya ishe shi ya gane cewa layi ɗaya ne ya bambanta.

Juyewa da sake matsewa

Aiki biyu ne mutane ke kira da suna ɗaya. Na farko juyewa: a ɗauki hoton yadda yake, a zuba shi a sabon mazubi, a ɗora masa wani sautin. Ba a taɓa ko ɗigo ɗaya na hoton ba, saboda haka ingancinsa bai ragu ba, kuma saurin aikin daidai yake da saurin kwafar fayil. Karatun awa ɗaya yana ƙarewa cikin 'yan mintuna ko da a tsohuwar laftop. Na biyu sake matsewa: a warware kowane firam, a sake lissafa shi, a sake matse shi. A firam 25 a sakan, awa ɗaya firam 90,000 ke nan, kowanne sai kwamfuta ta bi ta kansa. Nan awanninka ke tafiya, kuma in wuta ta ɗauke a tsakiya batir ya mutu, sai dai a koma farko.

Kuma kowace matsewa tana zubar da wani abu wanda ba ya dawowa. Ka sauya MTS zuwa MP4, an matse sau ɗaya. Ka shigar da shi manhajar haɗawa ka fitar, sau biyu. Ka tura ta WhatsApp a matsayin bidiyo, shi ma ya matse, sau uku. In ka ɗora a Facebook, huɗu. Dusashewar da kake gani tarin waɗannan ce.

Sauti kuwa sauya shi ba ya cin komai. Awa ɗaya ta WAV mai kunne biyu a 48 kHz kusan megabait 690 ce, in aka mayar da ita AAC a kilobit 128 a sakan ta koma kusan 58, kuma kwamfuta tana gama wannan kafin shayinka ya huce. Sai dai kada ka zaci mayar da MP3 zuwa WAV zai gyara murya. Fayil ne kawai zai kumbura, abin da MP3 ta riga ta zubar ya tafi. In miksar tana da zaɓin naɗa WAV, ka roƙi mai lasifika ya koma can tun farko.

Inda za ka tara su kuwa sananne ne: mazubin MP4, hoton H.264, sautin AAC a 48 kHz. Shi YouTube ke ba da shawara a kai, shi waya ke karantawa, shi talabijin mai cin filasha ke karɓa. Hoton kyamararka ya riga ya zama H.264. Sauti kaɗai ya rage.

Manhajojin

Kusan duk masu sauya bidiyo na kyauta da ka sani, injin da ke ƙarƙashinsu ɗaya ne, FFmpeg, wanda Bafaranshe Fabrice Bellard ya fara a shekarar 2000. Bambancinsu shi ne wane ɓangare na injin suka bar maka ka taɓa. Da wannan nake auna kowace: tana da wurin da zan ce mata ta kwafi hoto kada ta matse? In babu, ba ta dace da aikin yau da kullum irin naka ba.

Wadda zan fara miƙa maka ita ce Shutter Encoder. Kyauta ce, ba ta manna tambari a hoto, tana aiki a Windows da Mac da Linux. A jerin ayyukanta akwai rukunin waɗanda ba sa sake matsewa, kuma uku daga ciki su ne ainihin buƙatarka. Replace audio tana cire sautin kyamara ta ɗora na miksa. Rewrap tana juye fayil daga wannan mazubi zuwa wancan. Merge tana jera fayiloli ta ɗinke su. Fuskarta tana da ɗan cunkoso a ganin farko, amma wanda ya zauna da ita yamma ɗaya zai saba.

LosslessCut ita ce ta yanka. Kana son cire minti goman farko da ake jiran malam ya iso, ko ka ware addu'ar ƙarshe daban, ka sa alama biyu ta yanke nan take ba tare da ta taɓa inganci ba. Tana kuma iya jawo sauti daga wani fayil, tana haɗa guntaye masu kodek iri ɗaya. Iyakarta ita ce ba ta yanka daidai inda ka nuna, sai a kan firam na kusa da ke ɗauke da cikakken hoto, don haka yankan yakan goce da sakan ɗaya ko biyu. A tafsiri wannan ba komai ba ne.

MKVToolNix tsohuwar hannu ce wajen ɗora sauti a kan hoto, kusan babu sautin da ba ta karɓa, kuma tana da wurin rubuta jinkiri da milisakan. Tana barin sauti biyu su zauna a fayil ɗaya, misali karatun malam da fassarar wani harshe, mai kallo ya zaɓa. Matsalarta MKV take fitarwa, wanda ba kowace talabijin ko manhajar waya ke so ba. Ni ina amfani da ita wajen adana kwafin ajiya, ba wajen rabawa ba.

HandBrake kuwa, wadda kowa ke fara ambata, ba ta yin abin da ka tambaya. Ba ta haɗa fayil biyu, ba ta ɗora sauti daga waje, kuma ko me ka ba ta sai ta sake matse hoton. Amma a wajen rage girman fayil da kyau ba ni da wadda ta fi ta, kuma za ka buƙace ta. Kyamarar AVCHD da ke ɗauka a megabit 17 a sakan tana cin sama da gigabait 7 a awa, wannan ba abin turawa a waya ba ne. Wurin HandBrake ƙarshen aiki ne, sau ɗaya tak.

In kana son hoto ya riƙa tsallakawa daga kyamara zuwa wayar ƙaninka ya dawo, wannan ya zama tace hoto, kuma babu dabarar da za ta hana sake matsewa. Ga kwamfuta mara ƙarfi, Shotcut ko Kdenlive, dukansu kyauta, dukansu suna iya jera sauti biyu ta hanyar kwatanta su. DaVinci Resolve ta fi su nesa ba kusa ba, tana da ta kyauta, amma kamfanin da kansa gigabait 16 na RAM yake nema a Windows da katin hoto na kirki, saboda haka ka bar ta sai ka canja kwamfuta. Ra'ayina dai, kwana talatin a jere kana azumi kana tace kyamara biyu kullum, wahala ce da masu sauraro ba su nema ba. Ka fitar da karatun kullum da kyamara ɗaya da sauti mai kyau. Hoton waya ka ajiye shi don gajerun guntaye na minti ɗaya ko biyu, a nan CapCut ko InShot sun wadatar.

Abu biyu zan ce ka guje musu. Shafukan intanet masu cewa ka ɗora fayil su sauya maka: ka ƙone data wajen ɗora gigabait bakwai, ka sake ƙonawa wajen saukewa, sannan kayanka suna hannun wanda ba ka sani ba. A tafsiri da sauƙi, amma ranar da aka ba ka aikin biki, hoton matan mutane ne za ka miƙa. Sai manhajojin kuɗi da aka fasa ake rabawa a filasha, waɗanda sau da yawa da cutar kwamfuta suke tafe, alhali na kyauta suna yin aikin.

Shi kansa FFmpeg ba shi da maɓalli, rubutu ake yi masa, wannan ne ke tsorata mutane. Amma aikinka kullum iri ɗaya ne, layi ɗaya za ka ajiye ka riƙa canja sunan fayil:

ffmpeg -i hoto.mts -i sauti.wav -map 0:v -map 1:a -c:v copy -c:a aac -b:a 160k -ar 48000 -shortest tafsiri.mp4

Abin da layin ke cewa: ɗauki hoto daga fayil na farko, sauti daga na biyu, kwafi hoton yadda yake, mayar da sautin AAC a 48 kHz, ka tsaya inda mafi gajarta ya ƙare. Kalmar copy ɗin nan ita ce bambancin minti biyar da awa uku.

Baki da murya

Wannan ce ta fi cin rai, kuma kafin a yi magani sai an san wace iri ce. Ka buɗe fayil ka duba wuri uku: farko, tsakiya, ƙarshe.

In tazarar iri ɗaya ce a ko'ina, to ba a fara naɗa su lokaci ɗaya ba ne kawai, wannan mai sauƙi ce. A VLC ta Windows, maɓallan J da K suna matsar da sauti gaba ko baya da milisakan 50 a kowace dannawa, lambar tana bayyana a kusurwar allo. Ka danna har baki ya dace da murya, ka rubuta lambar, ka sa ta a wurin jinkiri na MKVToolNix ko Shutter Encoder, ka sake juyewa. Tun da juyewa ba ta cin lokaci, ko sau uku ka gwada ba asara.

In kuwa farko daidai yake, tsakiya ya ɗan goce, ƙarshe ya yi muni, kamar yadda ka bayyana, to dalili biyu ake zargi. Na farko hoton waya. Waya ba ta riƙe yawan firam daram, in haske ya ragu ko ta yi zafi sai ta rage, in ta samu sarari ta ƙara. Shi ne Variable ɗin da MediaInfo ke nunawa. Ita wayar ta san yadda za ta kunna abinta, amma wasu manhajojin tacewa suna ɗauka firam a jere suke daidai wa daida, sai kuskure ya yi ta taruwa. Maganinsa a ratsa hoton wayar ta HandBrake a zaɓi Constant Framerate kafin a shigar da shi aiki. Shotcut ma in ta ga irin wannan fayil takan tambaye ka ko ta gyara shi, ka ce mata e. Kada ka raina ƙaramin bambanci: tsakanin firam 30 da 29.97 ɗaya cikin dubu ne kacal, amma a awa ɗaya ya zama sakan 3.6, wanda ya isa malam ya rufe baki murya tana ci gaba.

Dalili na biyu, agogon da ke cikin miksa da na cikin kyamara ba sa tafiya daidai ɗari bisa ɗari, musamman a ƙananan na'urori masu araha. A waƙar minti huɗu ba mai lura, a karatun awa ɗaya da rabi sai ya fito. Ga yadda nake yi. Kafin a fara, bayan an kunna kyamara da miksa, wani ya ƙwanƙwasa makirfo da yatsa sau biyu. Masu fim tafi suke yi, amma a masallaci ƙwanƙwasawa ta fi dacewa. Bayan an shafa addu'a a sake ƙwanƙwasawa kafin a kashe. A gida sai in ciro sautin kyamara ya zama WAV, in buɗe shi a Audacity, manhajar gyaran sauti, in sa na miksa a ƙarƙashinsa. Ƙwanƙwasar tana fitowa a zanen sauti kamar ƙusoshi biyu a tsaye, ba ta ɓuya. In ja na miksa har ƙusoshin farko su hau kan juna, in yanke abin da ya yi saura a gaba, sannan in tafi ƙarshe. In na tarar ƙusoshin ƙarshe sun saɓa, a ce da sakan biyu a awa, sai in shiga wurin canja sauri in rage ko in ƙara tsawon sautin miksa da sakan biyun nan. Canjin bai kai kashi ɗaya cikin dubu ba, kunne ba ya kama shi. Daga nan in fitar da WAV in ɗora a kan hoto. Saboda wannan ne nake cewa kada ka taɓa kashe makirfon kyamara ko da sautinsa ba shi da kyau, shi ne ma'auninka.

Iri na uku shi ne sauti yana tafiya lafiya, sai a wani wuri ya yi tsalle ko ya ɗauke. Ka duba, za ka tarar a mahaɗar fayil biyu ne. In kyamara ta daɗe tana ɗauka, tana datsa aikin gunduwa-gunduwa, 00000.MTS, 00001.MTS, haka, saboda tsarin ajiya na kati da filasha mai suna FAT32 ba ya ɗaukar fayil da ya kai gigabait 4, wasu kyamarorin ma tun a 2 suke datsawa. Datsawar ba ta duba inda sauti ya tsaya, saboda haka in ka sauya kowane gunki daban sannan ka haɗa, sai a rasa ɗan abu a kowace mahaɗa. A ɗinke su tun suna ɗanye, kafin a yi komai. A Windows, cikin Command Prompt, wurin rubuta wa kwamfuta umarni:

copy /b 00000.MTS+00001.MTS+00002.MTS duka.MTS

Wannan yana aiki ne ga guntayen ɗauka ɗaya da kyamara ta raba da kanta, ba waɗanda ka tsayar ka sake kunnawa ba.

Akwai kuma haɗa guntun da ke 44.1 da wanda ke 48 ba tare da an daidaita su ba. Manhaja takan ɗauki lambar na farko ta ɗora wa duka, sai gunki na biyu ya tafi da sauri ko nawa da kusan kashi tara cikin ɗari, muryar malam ta koma siririya ko ta yi kauri, wani lokaci ta ɗauke ɗungum. Ƙa'idar ɗinkewa ba tare da matsewa ba ita ce komai ya zama iri ɗaya: kodek, girman hoto, yawan firam, lambar sauti, yawan kunnuwa. Hoton kyamara da na waya da wuya su cika wannan, shi ya sa ba a ɗinke su kai tsaye.

Wani abu da ba ka tambaya ba amma zai same ka: sautin miksa yakan zo a kunne ɗaya, hagu yana magana dama shiru, saboda irin kebul ɗin da aka jona. A lasifikar waya ba a ganewa, sai mai iyafis ya kawo ƙara. A Audacity ka raba kunnuwan, ka share wanda ba komai, ka fitar da shi a matsayin Mono, wanda ke fitowa hagu da dama daidai. Muryar mutum ɗaya ba ta buƙatar biyu.

Yadda zan jera aikin

Bayan an tashi, ka kwashe komai a kwamfuta, ka ɗinke guntayen MTS, ka daidaita sautin miksa a Audacity, ka ɗora shi a kan hoto da Shutter Encoder ko layin FFmpeg ɗin can, ka yanke gaba da baya da LosslessCut. Wannan shi ne uwar kwafi, ka adana ta a hard disk ko filashar da aka tsara da exFAT ko NTFS don girmanta. Daga ita za ka fitar da na rabawa a HandBrake: 720p, H.264, RF (ma'aunin ingancin hoto) tsakanin 22 da 24, sautin kuma ka zaɓi AAC Passthru don kada a sake taɓa shi. Malami a zaune yana karatu hoto ne mara motsi sosai, yana matsuwa da kyau. In MediaInfo ta nuna Interlaced, wato hoton da ake ɗaukar layukansa rabi-rabi, ka bar mai gyara shi a kunne a HandBrake, in ba haka ba za ka ga zane-zane kamar haƙoran mataji a gefen hannun malam idan ya motsa. In kyamarar tana da 25p ko 50p, masu ɗaukar cikakken firam, ka koma can ka huta. Wayar ma in tana ba da firam 25 a sakan ka sa ta a kai, domin wutarmu 50 Hz ce, hoton 30 yakan yi ƙyafta-ƙyafta a ƙarƙashin wasu ƙwayayen lantarki. In iPhone ce, a saitin kyamara a zaɓi Most Compatible don ta daina ba da HEVC.

Ka kuma fitar da sauti zalla. Awa ɗaya a kilobit 64 ba ta kai megabait 30 ba, kuma da yawan masu bin tafsiri a shago ko a mota ko a kicin suke saurare, ba kallo suke ba. In za ka tura bidiyo ta WhatsApp, ka tura shi a matsayin dokumen, wanda ke ɗaukar har gigabait 2, don kada a sake matse shi.

Abin da na faɗa a kan AC-3 da hoton waya na gina shi ne a kan yadda irin waɗannan na'urori suka saba fitar da fayil, MediaInfo ce za ta tabbatar maka a naka. In ta nuna wani abu daban, ka kwafo rubutun ka turo mu duba tare. Akwai kuma abin da duk manhajojin nan ba sa gyarawa. In mai lasifika ya ƙure ƙarar miksa har murya ta fashe, ta fashe ke nan. Gurnanin janareta Audacity tana rage shi, amma in ka matsa mata muryar malam za ta koma kamar daga cikin rijiya. Wannan a masallaci ake maganinsa: ka sa iyafis ka saurari abin da filasha ke naɗawa kafin malam ya zauna, fitilar ja ta miksa kada ta riƙa kamawa. Kafin azumi ya kama kuma, ka yi gwaji na awa guda cur a wani karatun mako, ba na minti biyu ba, domin gocewar murya sai an yi nisa take bayyana. Ka bi matakan nan daga farko zuwa ƙarshe, ka tura sakamakon a wayar da ta fi kowace araha a gidanku da talabijin mai cin filasha, ka tsallaka zuwa minti biyar na ƙarshe ka kalli bakin malam.